Rawanin da Na Kulle a Akwati

Akwatin ƙarfe ne baƙi, irin wanda ake haɗa wa amare a da, da ƙaton kwaɗo a bakinsa. Shekara shida ya yi a ƙarƙashin teburin ofishina, har nakan ɗora ƙafa a kansa in zama ya ishe ni. Makullin kuwa yana cikin aljihun tebur tare da hatimin makaranta. Duk tsawon shekarun nan, in tsohuwar ɗaliba ta kawo ziyara ta ce, "Malama, ina labarin daren Asabar?", amsata ɗaya ce: yana nan, ɗan ajiye shi muka yi. Kuma har ga Allah ba da nufin ƙarya nake faɗa ba. Na ɗauka abin da ke cikin akwatin shi ne wasan kwaikwayon namu, duk ranar da muka ga dama sai mu buɗe mu ɗora daga inda muka tsaya.

Makarantar kwana ce ta 'yan mata, ta gwamnati, a ɗaya daga cikin jihohin Arewa maso Yamma. Ba zan kama sunanta ba, tunda laifin da zan ba da labari nawa ne. Ba a shigarta sai an ci jarrabawa, kuma daga kowace ƙaramar hukuma 'yan kaɗan ake tsinta. Irin waɗannan makarantu na zaɓaɓɓu ba baƙi ba ne a Arewa. Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, ta fara da na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, sannan ta buɗe ta mata a Taura a 1981. Gwamnatin Tarayya ma tana da kwalejojinta na 'yan mata a Bakori da Kazaure da Minjibir da Gusau, waɗanda ake shiga da jarrabawar da NECO ke shiryawa. Tamu ba ta cikin waɗannan, amma burin ɗaya ne: a samu likitoci mata da malaman asibiti da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanmu, don matar da ta je awon ciki ta tarar da 'yar'uwarta mace a kan kujera. Ni kaina wannan buri ne ya raine ni. Kemistiri na karanta, shi na koyar shekara da shekaru, har aka ba ni mataimakiyar shugaba mai kula da harkokin karatu.

Sai dai duk wadda ta yi makarantar, in ka ce ta ba ka labari, da daren Asabar za ta fara. Bayan sallar isha'i ake haɗa teburan ɗakin cin abinci a yi dandamali, a ɗaura igiyar shanya daga wannan taga zuwa waccan, a rataya zannuwan gado su zama labule. In inji ya ƙi tashi, a jera fitilun ƙwai a bakin tebur. Bokitai ne ganguna, ga daro cike da ruwa an kifa ƙwarya a ciki, ga shantu biyu da suka sha hannu har suna ƙyalli. Da yake babu ɗa namiji a cikin ɗalibai, 'yan matan ne maigida, su ne boka, su ne ɗan sanda. A shafa wa auduga gawayi a manna da ƙaro ta zama gemu, a cusa matashin kai cikin babbar riga ya zama tumbin Alhaji. Gidajen kwana huɗu ne, kowane mako gida ɗaya ke da dare, a ƙarshen zango na biyu kuma a yi gasar cin kofi.

Wani lokaci daga littafi suke ɗaukowa, Uwar Gulma na Mohammed Sada ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya fi kowanne shiga ransu, don labarin mai kuɗi ne da ke yaudarar 'yar makaranta, kuma kowaccensu ta san irin motar da ke tsayawa a ƙofar gida in an yi hutu. Amma mafi yawan abin da suke yi nasu ne, ba a rubuce ba. Ba abin mamaki ba ne. 'Yar Bahaushe tun a dandali ta fara kwaikwayo, daga gaɗa zuwa tashen azumi, inda 'yan mata ke shigar Mairama da Daudu suna bi gida gida. Kowace yarinya da guzurin garinsu ta zo, makaranta kuma ta zama tukunyar da aka haɗa.

Abin da ban tsaya na lura da shi ba, duk da ina kallonsa kowane mako, shi ne yadda ake gadon abin. Babu malamin da ke koyar da shi. 'Yan aji ɗaya kallo ne nasu. 'Yan aji biyu su yi amshi da tafi, 'yan aji uku su ɗauki kaya su ja labule, 'yan aji huɗu a fara ba su ƙananan fitowa, manyan kuma na 'yan aji biyar da shida ne. Sannan akwai sarauta biyu da ba na kowane gida ba ne, na makaranta ne baki ɗaya: Alƙali da Zabiya. Duk wasan da aka yi, a gaban Alƙali yake ƙarewa, ya saurari kowa ya yanke hukunci da Hausa mai cike da karin magana, sannan Zabiya ta ja waƙar rufe labule. Wadda ta hau sarautar tana dab da shiga aji biyar, a ranar take zaɓar yarinya mai shirin shiga aji uku ta riƙa ɗaukar mata takalmi da rawani. Shekara biyu yarinyar za ta yi a bayan labule tana leƙe, tana koyon yadda ake zama, da inda ake yin gyaran murya, da lokacin da ake barin ɗaki ya gama dariya kafin a ci gaba. Daren ƙarshe kafin a fara WAEC sai a naɗa mata a gaban kowa.

Akwai kuma abin da wanda bai zauna a makarantar zaɓaɓɓu ba zai yi wuya ya gane. Kowace yarinya da ta shigo, ita ce ta ɗaya a firamarensu. Hedimasta ya kira ta gaban ɗalibai ya sa mata albarka, goggonninta sun rako ta mota da guɗa. Sai a ƙarshen zangon farko a miƙa mata sakamako ta ga ta zo ta talatin da wani abu. A aji mai mutum arba'in dole wata ta zo ta arba'in ko da duk haziƙai ne, amma yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba ta san wannan lissafin ba. Abin da ta sani shi ne ta ba garinsu kunya. Na sha ganin irinsu, sun daina ɗaga hannu a aji, sun koma can ƙarshen benci. Daren Asabar shi kaɗai ne wuri a makarantar da ba a tambayar ta nawa kika zo. Wadda lissafi ya gagara, in tana da murya ko ta iya tafiyar tsoho, ɗaki guda zai tashi ya yi mata tafi, ta kwana da wannan, ranar Litinin ta shiga aji kanta a ɗage. Duk wannan a gaban idona ake yi, amma tunda ba ya shiga takardar sakamako, ban taɓa lissafa shi cikin abin da makaranta ke koyarwa ba.

A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, yaranmu kuwa da yawansu sai a ɗakin jarrabawa suka fara riƙe linzamin kwamfuta da hannunsu. A shekarar da ta biyo aka yi wa malamin Fiziks canjin wurin aiki, muka yi zango biyu babu madadinsa. Ɗakin gwaje-gwaje kwalabe ne kawai, sinadaran sun ƙare. Sakamako ya faɗi, takarda ta zo daga sama tana neman bayani. Daidai lokacin ne kuma ake ta cacar baki a kan ƙauyen fim da Gwamnatin Tarayya ta so ginawa a Kofa a 2016, har aka janye maganar, kalmar "wasa" ta zama abin da ake faɗa da taka-tsantsan. A taron iyaye da malamai wani uba ya miƙe ya ce, "Mu fa ba mu kawo 'ya'yanmu nan don su zama 'yan fim ba." Aka yi masa kabbara.

Shugabar makaranta ta ce in kawo shawara a rubuce. Na san dalilan faɗuwar nan ɗaya bayan ɗaya, ni ce mai kula da karatu. Amma malamin Fiziks sai an yi ta zarya a ma'aikata, sinadarai da kwamfutoci sai kuɗi. Daren Asabar kuwa sa hannuna kawai yake buƙata. Na rubuta cewa a dakatar da shi na shekara biyu, a mayar da lokacin na firef da darasin ƙari na lissafi. Kowa ya samu abin da zai nuna: iyaye sun ga an ji maganarsu, ma'aikata ta ga an ɗauki mataki.

Akwai dalili na biyu da ban rubuta ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai yanzu. A zangon ƙarshe kafin wannan, wani gida ya yi wasa a kan malamar da ke tsare 'yan makara a bakin aji. Yarinyar ta fito da tabarau a kan karan hanci, rula a hannu, tana tafiya irin tawa sak. Ɗaliba ta durƙusa tana ba da uzuri, cewa tun kafin kiran assalatu take layin famfo, malamar ko kallonta ba ta yi ba. Da aka je gaban Alƙali, sai ya ce malama ta je bakin famfo da asuba ta gani da idonta, sannan ta dawo a ci gaba da shari'a. Ɗaki ya ɗauki dariya, har da malamai. Na yi murmushi don kada a gane, amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Maganar yaran gaskiya ce, famfo ɗaya ke aiki a makarantar. Ban je na duba ba. Na riƙe abin a raina wata uku, da dama ta zo kuma na lulluɓe shi da maganar sakamako, har ni kaina na yarda don sakamakon na yi.

Washegarin da aka karanta sanarwa, Alƙali ta zo ofishina. 'Yar aji shida ce lokacin, doguwa, mai sanyin hali, wadda in ba ka gan ta da rawani ba ba za ka ce tana iya buɗe baki a taro ba. Ita da wata suka kinkimo akwatin. Ta durƙusa ta ajiye makulli a kan tebur, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malama, to wa zan naɗa wa?"

Na ce ta sa rawanin a akwati, ba inda zai je.

Ta ce, "Malama, saura wata bakwai in naɗa mata. Ta iya zama, ta iya shiga, hukunci ne ba ta gama iyawa ba. In aka kai shekara biyu ni na tafi."

Na ce, "Rawani ne zai kai ki jami'a ko kiredit a Kemistiri?"

Ba ta sake magana ba. Ta ce Allah ya huci zuciyata, ta tashi. Har yau ina jin ƙarar takalminta a baranda.

Mutum ɗaya ne cikin malamai ya tunkare ni, malamin Hausa, dattijo da ya kusa ritaya. Ya same ni a gindin darbejiya bayan an tashi, ya ce, "Malama, hatsi ake zubawa a rumbu a dawo a tarar. Wannan garwashi ne. Mu a ƙauye in wutar gida ta mutu, maƙwabta ake aika yaro ya ɗebo a kasko. Ke in taku ta mutu, gidan wa za ki aika?" Na ce masa karin magana ba ya ba da kiredit. Bai ji haushi ba. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya ce, "Ko sarakuna ai sukan zauna a yi musu wasan gauta." Ya gano ni ke nan. Wasan gauta shi ne wanda matan fada ke yi, su yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da halayensu, masu mulki suna kallo suna ɗaukar abin gyara. Abin da masu rawanin gaske suka iya haƙuri da shi, ni mai rula na kasa. Na gane abin da yake nufi sarai, na yi kamar ban gane ba.

A shekarar farko sakamako ya ɗan ɗaga, aka yaba mini a taro. Ban tsaya na tuna cewa ajin da ya ci ɗin shekara biyar ya yi yana wasan ba, kuma a shekarar ne aka turo sabon malamin Fiziks. Daga baya abin ya koma yana hawa yana sauka kamar yadda ya saba. Daren Asabar kuwa, in na zaga ɗakin cin abinci, rabin yaran barci suke a kan littafi.

A ƙarshen wannan shekarar wani uba ya zo neman takardar canjin makaranta. 'Yarsa ta ce ba za ta dawo ba, ya yi faɗa ya yi lallashi ta kafe, za ta koma ta jeka-ka-dawo a garinsu. Na duba fayil, na ga tana can ƙasa-ƙasa a aji huɗu, na ce a raina daman ba ta iya ɗaukar karatunmu ba. Na sa hannu na buga hatimi. Sai bayan shekaru na san ita ce mai ɗaukar takalmin Alƙali.

Shekara biyu ta cika, ba wanda ya tuna mini, ni ma ban tuna wa kowa ba. Malamin Hausa ya yi ritaya. Na ce bari a ƙara shekara ɗaya, sai ta zama ɗaya da rabi. Ina cikin cewa zango mai zuwa, korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Ba mu gama dawowa daidai ba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, sannan ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe. Jihohi suka yi ta rufe makarantun kwana. Da muka dawo, doka ce ba taro bayan isha'i, ba kiɗa, don masu gadi su riƙa jin motsin daji. Ba zan rataya wa annoba ko 'yan bindiga laifina ba. Da sun tarar da abin da ransa, da yaran sun tafi gida da shi a ka sun dawo da shi, ko da rana ne a yi. Sun tarar na riga na yayyafa masa ruwa.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta tona asirin. Sun shirya taron sada zumunci a makaranta, suka ce suna son a yi musu daren Asabar ko da da yamma ne. Na ce ba matsala, kayan suna nan. Na kira hedigal da wasu 'yan aji shida, na janyo akwatin, kwaɗon ya yi tsatsa sai da aka zuba masa mai. Asu ya ci babbar rigar a kafaɗa, ƙwarya ta tsage, shantu ɗaya ya rage mai amfani. Wannan duk bai dame ni ba, ana iya saye. Hedigal ta sa hannu ta zaro rawanin, ta warware shi yana ta zuwa, ta dube ni ta ce, "Malama, wannan labule ne?"

Nan na tsaya na ƙirga da yatsu. Waɗanda suka yi kallon ƙarshe suna aji ɗaya, bara suka fita. A cikin ɗaruruwan yaran da ke makarantar babu ko ɗaya da ta taɓa ganin Alƙali ya zauna. Makarantar sakandare zurfinta shekara shida ne, duk abin da ba a miƙa ba cikin shida ɗin ya bi masu shi ya fita ta ƙofa. Ni da nake koya wa yara cewa akwai sinadarin da in ka bar shi a buɗe yake bin iska, ban kawo wannan a raina ba.

Na ba su mako guda. Sun yi iya ƙoƙarinsu, suka kwaikwayi wani fim da suka gani a hutu, da waƙa daga wayar wata malama suna motsa baki. Ba laifinsu ba ne, abin da suka sani ke nan. Tsofaffin ɗalibai suka yi tafi na kara, amma na ga wata babbar ma'aikaciyar asibiti tana share ido da bakin mayafi. Alƙalin ƙarshe tana cikinsu, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Da aka watse na ce ta biyo ni ofis. Na tashi daga kujerata na zagayo, na ce, "'Yata, ranar nan kin faɗa mini gaskiya na gwasale ki. Kuma ba don sakamako kaɗai na yi ba, hukuncin da kika yanke a kan famfo ne ya ɓata mini rai. Ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Malama, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sannan ta ce, "Amma ita ya kamata ki nema." Ita ce ta faɗa mini wace ce yarinyar da na sa wa hannu.

Na nemo lambarta na kira. Ta yi aure a wani gari, ina jin kukan jariri a bayanta. Ta saurare ni har na gama, ta gaishe ni da ladabi, ta ce ta yafe. Na roƙe ta ta zo ko sau ɗaya a naɗa mata rawanin da na hana ta. Ta ce in sha Allahu. Ba ta zo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Maƙwabtan da malamin Hausa ya tambaye ni, ashe su ne tsofaffin ɗaliban. Suka buɗe zaure a WhatsApp, kowa tana turo abin da ta tuna da murya, wata daga ofis, wata daga kicin ana jin ƙarar turmi. Waƙoƙi da dama sun dawo rabi da rabi, wasu an yi ta gardama a kan wane baiti ke gaba, wasu sunansu kawai ake tunawa. Alƙali ta riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Amma abin da ake koya a shekara biyu ta ɗaukar takalmi ba ya shiga a yini guda. Ta iya nuna wa sabuwar yarinya yadda ake naɗi, ba ta iya ba ta daren Asabar sittin na leƙe ta bayan labule ba.

Wadda ta fitar da mu daga wannan damuwa wata ce cikinsu da ta karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, inda suke da dandalinsu na ginin ƙasa a Samaru, inda kuma tun shekarun 1970 ake fita da ɗalibai ƙauyuka irin su Soba a shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Ta ce mana, "Ku daina matsa musu sai sun yi irin namu. Mu ma ba irin na waɗanda suka gabace mu muka yi ba. Ku tambaye su abin da ke damunsu, ku fita ku ba su wuri." Muka fita. Bayan mako uku suka kira mu. Aka ja zanin gado, sai ga layin bokitai daga wannan bakin tebur zuwa wancan, yara suna gyangyaɗi a tsaye, ga malama a bakin aji tana jiran 'yan makara. Ba wanda ya ba su labarin wancan wasan. Famfon ne bai canza ba.

A benci na gaba nake zaune, na kuma zauna har aka gama. Da asuba na ɗauki tocila na tafi. Tun daga bayan gida na uku na fara cin karo da bokitai. 'Yan aji ɗaya ne a ƙarshen layi, an lulluɓa da zannuwa saboda sanyi, wata ta zauna a kan bokitinta tana barci. Da suka gane ni sai suka fara miƙewa suna gaisuwa, suna ɓoye fuska kamar su ne masu laifi. Rijiyar burtsatse ta biyu da muke da ita yanzu, takardar neman ta a safiyar na rubuta, tsofaffin ɗalibai suka haɗa rabin kuɗin. Takarda ce da ba ta fi shafi ɗaya ba, kuma da na rubuta ta tun shekara shida da suka wuce.

Makulli ya bar aljihun teburina, yana wuyan Alƙali a jikin zare, akwatin kuma yana ɗakinsu. Ana yin wasan yanzu tsakanin la'asar da magariba, sunan ne kawai ya rage daren Asabar.

Waƙar rufe labule tana da wani sashe da Zabiya ke ja ita kaɗai, inda take jero laƙabin duk Alƙalai da Zabiyoyin da aka taɓa yi, biyu biyu, tun daga na farko, kowane naɗi a ƙara gaɓa ɗaya. Wannan sun haɗa shi tsaf, manya suka kawo na farko, na baya suka kawo na ƙarshe. Da aka zo ɗora sababbi, na ce a liƙa su kai tsaye a bayan na ƙarshe. Zabiyar ƙarshe ta ce, "A'a Malama, naɗi uku ne ba a yi ba, a bar musu gurbinsu." Na farkon gurbin na san mai shi. Ban yi musu ba. In an zo wurin Zabiya takan yi shiru, ƙwarya ta ci gaba da bugawa ita kaɗai har gaɓa uku, sannan murya ta dawo. 'Yan aji ɗaya sun ɗauka haka waƙar take tun asali, har sukan riƙa kaɗa kai suna jiran inda za a shigo.